Na sauya yanayi a Emacs, imel ya ƙi tafiya

Baban Iman: Assalamu alaikum jama'ar gida. Tambaya gare ni ga masu aiki da Emacs, manhajar rubutu ta kwamfuta da ake sarrafawa da maɓallan kibod. Jiya da dare ina rubuta wa wani dillali a Abuja imel kan buhunan dankalin da za mu loda daga Bokkos da Mangu. Na buɗe da C-x m (wato Ctrl da x, sannan m) kamar yadda na saba, na sa adireshi da take, sai na ga lissafin zai fi fitowa idan na zuba shi a jadawali. Na buga M-x org-mode (Alt da x, sannan sunan umarnin) don in koma Org, yanayin rubuta bayanai da jadawali, jadawali ya tsaru tsaf. Da na gama na danna C-c C-c, shiru, wasiƙa ba ta tafi ba. Sai wani ɗan rubutu a can ƙasa yana cewa ba abin da zai iya yi a wurin. Rubutuna duk yana nan, layin To da na Subject ma suna nan. Me ya canza?

Malam na Gangare: Wa alaikumus salam Baban Iman. Rubutun bai canza ba, ma'anar maɓallan ce ta canza. A Emacs kowane shafin da ka buɗe yana ƙarƙashin babban yanayi guda ɗaya tak. Lokacin da ka danna C-x m, shafin yana cikin message-mode, kuma a can ne C-c C-c ke nufin "aika, ka rufe". Da ka kira org-mode ka sauke message-mode gaba ɗaya. Org ba ta san To ba, ba ta san Subject ba, a wurinta duk rubutu ne kawai, kuma nata C-c C-c ɗin aikinsa daban: gyara jadawali, sa alama a jerin ayyuka, da makamantansu. Ka duba layin da ke ƙasan allo, sunan yanayin da kake ciki yana rubuce a can kullum.

Idan shafin yana buɗe har yanzu, buga M-x message-mode sannan ka aika.

Baban Iman: Yana buɗe Malam. Na yi, ta tafi. Allah ya ƙara sani. To amma kowane lokaci haka zan riƙa yi, in je Org in dawo?

Malam na Gangare: A'a, kada ka mai da shi ɗabi'a. Wannan karon sabuwar wasiƙa ce shi ya sa ba ka ga illa ba. Duk lokacin da aka sauya babban yanayi, Emacs yana share saitin da ya keɓanta da wannan shafin. Da amsa kake ba wani, alaƙar da ke tsakanin shafinka da wasiƙar asali za ta yanke, ka danna C-c C-y don kawo maganarsa ka ga ba komai. Abin da kake buƙata ƙaramin yanayi ne. Babba kamar babbar riga yake, ɗaya ake sawa, ƙanana kuwa su ne hula da agogo da tabarau, ka ƙara iya son ranka riga na nan a jikinka. Masu Org sun san mutane za su so jadawalinsu a wasu wurare, sai suka ware shi da sunan orgtbl-mode. Kana cikin wasiƙa ka buga M-x orgtbl-mode, ka fara layi da | ka danna TAB, jadawali zai tsaru. Idan alamar rubutu na cikin jadawalin C-c C-c zai gyara shi, idan ka fito waje zai aika wasiƙa. In kana so ya kunnu da kansa kullum, sa wannan a init.el, fayil ɗin saitin Emacs:

`(add-hook 'message-mode-hook #'turn-on-orgtbl)`

Ɗan Terminus: Ranka ya daɗe Malam, ni fa duk wannan wahalar ce ban gane dalilinta ba. A shagona nake wuni ina gyara wa mutane waya da kwamfuta, kuma ban taɓa ganin wanda imel ya gagare shi a waya ba. Ka buɗe, ka rubuta, ka taɓa kibiya, shi ke nan. Mutum yana da lodin dankali a gabansa, mota na jira, sai a ce ya haddace C-c kaza C-x kaza? Da a waya ya rubuta da tun jiya dillalin ya gani.

Ɗan Bukuru: Ni kuma nawa ruɗanin daban ne. Vim, wata manhajar rubutu, nake amfani da shi a makaranta, kuma mu a can sauya yanayi shi ne aikin gaba ɗaya. Ka danna i ka yi rubutu, ka danna Esc ka koma ba da umarni, v ka zaɓi rubutu. A minti ɗaya sai in sauya sau da yawa ban rasa komai ba. Ya aka yi a Emacs sauyi ɗaya ya hana wasiƙa tafiya?

Malam na Gangare: Ɗana, abu biyu ne daban. Naku na Vim yana amsa tambayar "yanzu rubutu nake ko umarni?" Na Emacs yana amsa "wane irin rubutu ne wannan?" Wasiƙa ce, ko shirin Python, ko bayanan Org. Shi ya sa ba a cika sauya shi da hannu ba. Emacs da kansa yake zaɓa daga sunan fayil, akwai wani jeri mai suna auto-mode-alist da ke cewa .py na python-mode ne, .org na org-mode ne. In fayil ɗin ba shi da wutsiya, kana iya rubuta `-*- mode: text -*-` a layin farko ya bi. Abin da ya fi kusa da namu a wurinku shi ne filetype.

Dukansu kuma tsofaffi ne. A 1976 Bill Joy ya fara aikin da ya haifar da vi, magabacin Vim, a Berkeley, a shekarar ne kuma Emacs na farko ya fito a MIT, Richard Stallman da Guy Steele na cikin waɗanda suka yi shi. GNU Emacs da muke amfani da shi ya fito a 1985, Vim na marigayi Bram Moolenaar a 1991.

Ɗan Bukuru: Na gane yanzu Baba. Ke nan in na sa Evil, mai kawo maɓallan Vim cikin Emacs, zan samu i da Esc ɗina a cikin message-mode ba tare da na sauke shi ba?

Malam na Gangare: Haka ne, Evil ƙaramin yanayi ne, yana hawa kan kowane babba. Kai da hannunka ya riga ya saba da Vim ka sa shi. Amma wanda bai san ko ɗaya ba, ba na ba shi shawarar ya fara da shi, zai haɗa karatu biyu a lokaci guda.

Maman Sadiq: Sannunku da hira. Ɗan Terminus, bari in ba ka amsa, don tambayarka tana kan hanya. Idan "na gani, na gode" za ka rubuta, waya ta ishe ka, ni ma ita nake ɗauka. Amma ni fassara da tace rubutun Hausa ne abincina. Wasiƙa ɗaya zuwa ga marubuci tana iya ɗaukar shafi uku, ina kawo jimlarsa, ina nuna inda ya rubuta "kasa" alhali "ƙasa" yake nufi, ko "bari" a wurin "ɓari". A irin wannan wasiƙar idan ƙugiyar harafi ta faɗi, aikin ne ya lalace. Kibod ɗin kwamfutocin da ake sayarwa a kasuwa ba shi da ƙ, ba shi da ɗ, ba shi da ɓ. Mutane sai su koma k' da d' da b', matasa kuma su sa q a wurin ƙ. Na sha karɓar rubutu mai salo uku a shafi ɗaya. A Emacs na koya wa kwamfutar hannuna sau ɗaya, kuma abin yana bina ko'ina: cikin fassarar, cikin wasiƙar, har layin take.

Baban Iman: Anti, don Allah yaya kika yi? Ni kwafowa nake daga wani fayil da na tara su, harafi ɗaya-ɗaya.

Maman Sadiq: Hanya biyu ce. Ta gaggawa, wadda ba ta buƙatar saiti: danna C-x 8 RET (RET shi ne Enter) ka rubuta lambar harafin. ƙ 0199 ce, ɗ 0257, ɓ 0253. Manyan kuma Ƙ 0198, Ɗ 018A, Ɓ 0181. Tana aiki amma ba wanda zai rubuta shafi da ita. Wadda nake amfani da ita ga ta nan:

`(require 'quail)`
`(quail-define-package "hausa" "UTF-8" "Ha" t)`
`(quail-define-rules ("k'" ?ƙ) ("d'" ?ɗ) ("b'" ?ɓ) ("K'" ?Ƙ) ("D'" ?Ɗ) ("B'" ?Ɓ))`
`(setq default-input-method "hausa")`

Bayan haka C-\ ke kunna ta, C-\ ke kashe ta. Na zaɓi k' d' b' ne da gangan saboda yatsun yawancinmu sun riga sun saba da su tun zamanin saƙon tes. Ka buga kamar yadda ka saba, harafin ya fito daidai. Kalmomi irin su jama'a da ma'aikata ba abin da ke taɓa su, don alamar tasu bayan wasali take zuwa. Ban sa ƴ ba domin mu a Najeriya 'y muke rubutawa, amma wanda ke aiki da mutanen Nijar ya ƙara ta, lambarta 01B4.

Wani abin da ya sa na zauna a nan: in zan kawo aya ko hadisi da Larabci, M-x set-input-method in zaɓi arabic, rubutu ya tafi daga dama zuwa hagu a cikin wasiƙar guda. Tun Emacs 24 na 2012 ake iya wannan.

Ɗan Terminus: To Anti, wannan na yarda, don ni kaina q nake sawa. Amma a waya ma ai akwai kibod na Hausa, ka danne k ta fito maka da ƙ.

Maman Sadiq: Akwai, kuma ina gaya wa marubutana su sa shi. Sai dai shafi uku da babban yatsa, ga littafin da nake tacewa a kwamfuta, ga wasiƙa a waya? Ni allon nake rabawa biyu da C-x 3, littafi a hagu, wasiƙa a dama, in yanko jimla in liƙa ba tare da na ɗaga hannu ba.

Injiniya Rayfield: Na shigo a makare, amma akwai abin da ba wanda ya gaya wa Baban Iman, kuma ya fi duk sauran muhimmanci ga kasuwancinsa. Jadawalin nan da ya yi kyau a allonka, ka tambayi dillalin yadda ya gan shi? Jadawalin Org da sarari da sanduna ake gina shi, yana tsayuwa ne kawai idan kowane harafi faɗinsa ɗaya. A Emacs haka yake. A wayar mai karɓa yawanci m ta fi i faɗi, sai sandunan su karkace, lambar Mangu ta zame ƙarƙashin Bokkos. In magana ta lissafin kaya ce wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Baban Iman: Yanzu na kira shi. Ya ce ya gane lissafin amma sai da ya juya wayar a kwance. Ya ce layukan ma a tsittsinke suke, dogo ɗaya gajere ɗaya.

Injiniya Rayfield: Wannan na biyun kuma daga message-mode yake. Da kansa yake kunna auto-fill ya karya layi a harafi na 72. Allon waya ba ya ɗaukar 72, sai ita ma ta sake karyawa, shi ne kake ganin dogo da gajere. Ni na kashe shi:

`(setq message-fill-column nil)`
`(add-hook 'message-mode-hook #'visual-line-mode)`

Haka sakin layi zai tafi a matsayin layi ɗaya, wayar ta naɗe shi daidai faɗinta. Jadawali kuma, in gajere ne rubuta shi a jere kawai, gari da adadi, gari da adadi. In babba ne ka fitar da shi PDF ka maƙala da C-c C-a. Akwai kuma org-mime da ke mai da wasiƙar HTML, jadawalin ya zama na gaske.

Malam na Gangare: Kan jadawali Injiniya ya yi gaskiya, ban kawo wayar mai karɓa a raina ba lokacin da nake bayani. Amma kan 72 ban bi ka duka ba. Ba haka kawai aka zaɓi adadin ba. Allon da aka saba da shi harafi 80 yake ɗauka, aka bar sarari don in an amsa maka an sa > a gaban layukanka, aka sake amsawa aka ƙara wata, rubutun ba zai fashe ba. Duk wanda ke hulɗa da masu rubuta manhaja a waje, musamman masu aika gyara ta imel, ya tura musu HTML ko layi mai tsawon igiya, wasu wuraren ba za a ma karɓa ba. Ina da ɗalibai a gidan nan da nake fatan su kai can. Kada su ɗauka kashe auto-fill shi ne daidai a ko'ina.

Injiniya Rayfield: Ban musa ba Malam. Amma Baban Iman dillalin dankali yake rubuta wa, kuma cikin mutanen da nake hulɗa da su a Jos da Abuja da wuya ka samu wanda ke buɗe imel a kwamfuta kafin ya gani a waya. Wanda zai karanta shi ya kamata a duba.

Malam na Gangare: To ai ba sai an zaɓi ɗaya har abada ba. auto-fill-mode ƙaramin yanayi ne, visual-line-mode ma haka. Ka bar wanda ka fi yawan buƙata a saiti, ranar da za ka rubuta wa ɗaya ɓangaren ka buga M-x ka juya. Ni nawa a 72 yake kuma a nan zai zauna.

Hajiya ta Rikkos: Ina biye da ku tun ɗazu. Ni Org nake amfani da ita wajen lissafin makarantarmu, amma ban taɓa aika imel daga ciki ba. Mai adireshin Gmail me zai sa?

Injiniya Rayfield: Hajiya, abu kaɗan ne:

`(setq user-full-name "Sunanki"`
`      user-mail-address "adireshinki"`
`      message-send-mail-function #'smtpmail-send-it`
`      smtpmail-smtp-server "smtp.gmail.com"`
`      smtpmail-smtp-service 587)`

Inda mutane ke tsayawa shi ne kalmar sirri. Tun 2022 Google ya daina barin irin waɗannan manhajoji su shiga da kalmar sirrin da kika saba. Sai kin kunna tabbatarwa mai mataki biyu a asusunki, sannan ki ƙirƙiri kalmar sirri ta musamman don manhaja, mai harafi 16. Ita za ki ba Emacs. Karon farko zai tambaye ki, ya kuma nemi ya adana ta a fayil ɗin .authinfo. A nan nake roƙon kowa ya kula: wannan fayil ɗin a buɗe yake, duk wanda ya zauna gaban kwamfutar zai iya karantawa. In kwamfutar ofis ce, ko kina kai ta gyara, ki mai da shi .authinfo.gpg, Emacs zai rufe shi da GnuPG, manhajar ɓoye bayanai.

Ɗan Terminus: Wannan gaskiya ne, ku ji ta daga bakin mai gyara. Kwamfuta na kwana biyu uku a shago, yara na shiga da fita. Ni ba na buɗe kayan mutane, amma ba zan rantse wa kowane shago ba. Kafin ku kawo, ku soke waccan kalmar daga asusun, in kun karɓa ku yi sabuwa.

Hajiya ta Rikkos: Na gode ƙwarai. Karanta wasiƙun da suka shigo fa? Shi ma a ciki?

Injiniya Rayfield: Wannan wani aikin ne daban, kada ki haɗa su a rana ɗaya. Gnus da Rmail, masu karanta wasiƙu, suna zuwa tare da Emacs. Ni mu4e nake amfani da shi, mbsync na sauko da wasiƙu cikin kwamfuta, wasu kuma notmuch suka fi so. Ki fara da aikawa kawai, ki ci gaba da karantawa a inda kika saba, har hannunki ya zauna. Maɓallan da za ki buƙata ba su da yawa: C-c C-c aikawa, C-c C-d ajiye daftari, C-c C-k fasawa, C-c C-a maƙala fayil. In kin maƙala za ki ga wani layi ya bayyana mai farawa da <#part, kada ki goge shi, shi ne fayil ɗin. Haka layin nan na --text follows this line--, shi ya raba kan wasiƙa da jikinta. Duk abin da ya shige miki duhu, C-h m zai jero miki maɓallan yanayin da kike ciki, C-g kuma ya fitar da ke daga duk umarnin da kika fara bisa kuskure.

Maman Sadiq: Ku ƙara da layin jira, don shi ne abin da ya fi yi min amfani bayan haruffa. Unguwarmu in an ɗauke wuta sabis ma yakan yi rauni, ga sanyin Disamba ba mai son fita neman inda zai kama. Da `(setq smtpmail-queue-mail t)` idan na danna C-c C-c wasiƙar ba ta neman intanet, tana shiga wani kundi a kwamfuta ta zauna. Sai in amsa wa mutum biyar shida da dare a kan batir, da safe in jona da waya in buga M-x smtpmail-send-queued-mail, duk su fita lokaci guda. Data kaɗan take ci, don ba shafin da ake lodawa.

Baban Iman: Wannan zai yi min amfani a ƙauye. Wasu wuraren da muke sayen dankali sai ka hau tudu kafin waya ta kama.

Malam na Gangare: Zai yi, amma ka riƙe abu biyu. Muddin saitin nan na kunne, ko da intanet ɗinka na aiki wasiƙa ba za ta fita ba sai ka kira umarnin da Maman Sadiq ta faɗa. Shafin zai rufe kamar an aika, alhali tana kwance a Mail/queued-mail. Na biyu, kwanan wata da lokacin da ke kan wasiƙar na sa'ar da ka danna C-c C-c ne, ba na sa'ar da ta bar kwamfutarka ba. Idan ka rubuta "motar ta tashi yanzu" ranar Talata da dare ka sake ta Laraba da rana, dillalinka zai iya samunta a ƙasan wasu wasiƙun, ya kuma yi lissafin isowar kaya ba daidai ba. A irin wannan ka rubuta rana da ƙarfe a cikin jikin wasiƙar.

Ɗan Terminus: Maganar tashin mota kam a kira mutum a waya, Malam. Ba a bar ta a layin jira.

Baban Iman: Kira nake yi, imel ɗin don shaida ne in lissafi ya rikice daga baya. Injiniya, a mu4e akwai inda zai nuna min cewa akwai wasiƙun da ba su fita ba?

Injiniya Rayfield: Akwai. In ka saita kundin jiran, babban shafinsa yana nuna ko kana aikawa kai tsaye ko kana tarawa. Harafin m ke juya tsakaninsu, f kuma ya saki waɗanda suka taru. Asabar bayan la'asar ina wajen Ahmadu Bello Way, in kana gari ka zo da kwamfutar mu saita mbsync tare, don shi ne mai ɗan wuya a karon farko. Hajiya, in kina so ki turo yaronki da taki.

Hajiya ta Rikkos: Da kaina zan zo in Allah ya yarda, gara in gani da idona. Wanne Emacs ake buƙata? Nawa 27 ne.

Injiniya Rayfield: Na aikawa duk zai yi a 27. Mu4e ne sabbin fitowarsa suka fi jin daɗin sabon Emacs, zan zo da 29 a filasha don kada mu ƙone data wajen saukewa.